Tankin wese ya ƙi daina zuba: a gyara ne ko a canza kayan ciki duka?

Maman_Ramatu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin famfo. Tankin wese ɗin ɗakinmu, irin na zama mai madanni a bisa, ya ƙi yin shiru. In an danna ruwa ya sauka, tanki ya sake cika, sai ka riƙa jin wani siririn sauti ba tsayawa, ruwa kuma yana tsiyaya cikin kwanon dare da rana. Faktir ɗin watan nan ya kusan ninka wanda muka saba biya. Maigidan ya yi tafiya. Wani yaro mai gyara ya leƙa ya ce sai an canza kayan ciki gaba ɗaya, har yana cewa gara a sake tankin. Muna unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, gidan haya ne. Abu ne da mutum zai iya yi da hannunsa, ko in jira maigidan ya dawo?

Ɗan_Burja:
Wa alaikumus salam. Hajiya kafin komai ki duba gefen tankin, inda tiyo ya fito daga bango. Akwai ƙaramin robine a wurin. Ki murɗa shi dama har ya tsaya. Ruwa zai daina shiga, asarar ta tsaya, sannan a yi shawara a natse.

Plombiye_Zariya:
Abin da Ɗan_Burja ya faɗa shi ne na farko. Amma kada a sayi komai tukuna, Hajiya, sai an gano mai laifin.

Abu biyu ne kawai cikin tankin nan. Ɗaya mai shigo da ruwa, shi ke da fulotar: ruwa na hawa yana ɗaga shi, in ya kai iyaka sai ya toshe bakin shigar. Ɗayan yana tsakiya, shi ake kira mekanis, shi madanni ke ɗagawa. A gindinsa akwai roba zagayayya mai faɗi, ita ke zama bisa ramin ta rufe shi. A jikinsa kuma akwai bututu mai buɗaɗɗen baki ta sama, an yi shi ne don in ruwa ya wuce kima ya bi ta nan ya sauka cikin kwano, kada ya malale ɗaki.

Ki warware zoben da ke kewaye da madannin, hagu ake murɗa shi, ki ɗaga murfin da hannu biyu ki ajiye shi ƙasa bisa tabarma ko tsumma. Tangaran ne, in ya fashe samun murfi shi kaɗai wahala ce babba. Sai ki buɗe robine ki tsaya ki kalli yadda tankin ke cika. In ruwa ya hau har ya kai bakin bututun nan yana zubawa ciki, fulotar ne bai rufe ba. In ya tsaya ƙasa da bakin, kamar faɗin yatsa biyu, amma duk da haka kwanon yana tsiyaya, to robar ƙasa ce. Ki duba ki faɗa mana wanne kika gani.

Inna_Bagalam:
Ni dabarar da nake yi ta fi sauƙi. Ki jiƙa bula ta wanki ki zuba cikin tanki, kada kowa ya danna. Ki je ki gama aikinki ki dawo. In kin tarar ruwan kwanon ya yi shuɗi, ruwa na ratsawa.

Plombiye_Zariya:
Dabara ce mai kyau Inna, muna yin ta. Sai dai a rufe robine kafin a zuba bular, kuma a tabbata ruwan bai kai bakin bututun ba. In ba haka ba shuɗin zai bi ta sama ya sauka, a ɗora wa roba laifin da ba nata ba.

Sani_Kabukabu:
Ni dai na ce a kira mai gyara a huta. Kowa da sana'arsa.

Malam_Lissafi:
Sani, ba a hana kiran mai gyara ba, amma bari in nuna maka dalilin da ya sa ba a jira da wannan abu. A ce tsiyayar rabin lita ce a minti ɗaya, wadda ido ba zai ɗauka da muhimmanci ba. A awa ɗaya lita 30 ke nan. A kwana ɗaya 720. A wata ya haura lita 21,000, wato sama da mitir kib 21, tun da kowane mitir kib lita 1,000 ne, tano biyar na lita 200. Ku lissafa yawan tano da suka bi rami ba wanda ya sha, ba wanda ya yi wanka.

Kuma kuɗin ruwa hawa-hawa ne. Mitir kib 10 na farko su ne masu rahusa, abin da ya haura nan farashinsa ya fi tsada. Shi ya sa Maman_Ramatu ta ga faktir ya yi tsalle haka: tsiyayar ta tura gidan cikin matakin tsada. Mai son tabbatarwa ya rufe duk robinen gida ya je ya duƙa gaban kontar. In ƙaramin abin nan na tsakiya yana juyawa, akwai inda ruwa ke fita.

Ɗan_Burja:
Gaskiya ne. Ko zamanin kamfanin ruwa na SEEN ko yanzu da NDE ta karɓi aikin a farkon 2024, duk ruwan da ya ƙetare kontar naka ne, ka sha ko ka zubar.

Baba_Mokoyo:
Ku yara kuna wahal da kanku. Mu da munka tashi, salga muka sani da buta. Ba fulotar, ba faktir, ba kiran kowa. Wanga abu na zama shina cin ruwan da gida guda za su sha, a garin da in bazara ta yi wasu unguwanni sai tsakad dare ruwa ke zuwa. Ni gidana na sa an rufe tankin, bokiti muke zubawa, kuma lafiya lau.

Hadiza_Tibiri:
Baba Allah shi ƙara girma, maganarka akwai gaskiya ciki, amma ba kowa ke sa na zama don gayu ba. Mahaifiyata gwiwoyinta sun ƙi, tsuguno ya gagare ta, ɗaukar bokiti cike ma ba ta iyawa. Saboda ita muka sa. Ranar da tankin ya lalace sai ta riƙa rage cin abinci don kada ta wahalar da mu da dare. Wannan ya fi faktir ɗaga mini hankali. Tun daga nan nake ajiye roba guda ta sauyi a cikin durowa.

Baba_Mokoyo:
To ɗiyata, wanga uzuri ne. Allah shi ba ta lafiya, shi saka miki.

Hadiza_Tibiri:
Amin Baba.

Issoufou_Kankayari:
Ni kayan nan nake sayarwa, bari in faɗi abin da nake gani kullum a shago. Mutum zai zo ya ce a ba shi robar wese. Wace iri? Ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne wallahi. Faɗinta na waje daban, ramin tsakiya daban, wata shimfiɗaɗɗiya ce, wata tana da leɓe. Ku cire tsohuwar ku zo da ita a hannu, ko ku zo da kan mekanis ɗin gaba ɗaya cikin leda. Hoto a waya ba ya nuna girma.

Sai maganar fulotar. Tankunan tsarin Faransa zaren bakinsu 3/8 na inci ne, wanda ake rubutawa 12/17. Kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa daga Katsina da Kano, da yawansu tsarin Ingila ne, rabin inci, 15/21. Ka sayi wannan ka kai wa wancan, fuleksibul, wato tiyon da ke kawo ruwa cikin tankin, ba zai kama ba, wani lokaci ma ramin tankin ba zai karɓe shi ba. Kuma a duba ta ina ruwa ke shiga, ta gefe ko ta ƙasa, don fulotar ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Abu_Katsina:
Haka ne. Mu nan ma har yanzu akwai tsofaffin tankuna masu hannu a gefe, waɗanda ruwa ke bi ta lanƙwasasshen bututu. Su ba su cika tsiyaya ta ƙasa ba. Ciwonsu shi ne ka ja hannun sau da yawa kafin ruwa ya sauka, saboda wata siririyar leda da ke ciki ta yage. Amma na Maman_Ramatu mai madanni ne, ba wannan ba.

Maman_Ramatu:
Na gode ƙwarai. Na rufe robine, na buɗe murfin kamar yadda Malam Plombiye ya ce. Ruwan bai kai bakin bututun ba, akwai tazara. Da na rufe robinen sautin ya ɗauke, amma da na dawo bayan na sauke tukunya sai na tarar tankin ya ragu sosai. Ƙasan tankin kuma duk yashi ne, ja-ja, har da wani fari-fari da ya daskare a jikin roba.

Plombiye_Zariya:
Madalla, kin gano shi da kanki. Tanki a rufe ya ragu, robar ƙasa ce. Sautin da kike ji fulotar ne yana cike gurbin abin da ke zurarewa, aikinsa yake yi.

Ga yadda za ki yi. Robine a rufe, ki danna ruwan ya fita duka. Ki kama jikin mekanis ɗin tsakiya ki murɗa shi kaɗan hagu, kamar kwata na zagaye. Yawancinsu haka suke fita, gindin ya zauna a wurinsa. In kin murɗa ya ƙi, kada ki sa ƙarfi, ki duba ko yana da ƴan kunnuwa a gefe da ake matsawa. Da ya fito ki juya shi, za ki ga robar. Ki shafa ta da yatsa: in ta yi tauri, ko ta kumbura da ƙuraje, ko tana barin baƙi a hannu, kwananta ya ƙare. In lafiyarta lau, yashi ne ya shiga tsakaninta da mazauninta. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana ta zama daidai.

Ki wanke robar, ki goge bakin ramin da take zama da soso mai laushi, ba na ƙarfe ba, don in ya karce ko sabuwar roba ba za ta rufe ba. Ki kwashe yashin ƙasan tankin da tsumma. In robar shimfiɗaɗɗiya ce kina iya juya ta, bayan ya koma gaba, za ta riƙe ki kafin ki samo sabuwa.

Yashin nan kuma daga ɗaukewar ruwa yake. In ruwa ya dawo, na farkon yana zuwa da iska da datti. Mai hali, in an ɗauke ruwa ya rufe ƙaramin robinen wese, in ya dawo ya bar famfon tsakar gida ya zuba har ya washe, sannan ya buɗe.

Moussa_Sabongari:
Farin da ya daskare ai asid ake zubawa, nan take yake narkewa. Ni shi nake sawa.

Nana_Infirmiya:
Don Allah Moussa kada ka koya wa mutane wannan. Asid yana cin roba da ƙarafan da ke riƙe tankin, wannan ma ƙarami ne. Babban haɗarin shi ne gidajenmu ba a rasa jabel a ban ɗaki. Asid ya haɗu da jabel yana tayar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga ɗakunan wankanmu ƙanana, wasu ko taga babu. Mace ta shiga wanke ban ɗaki ta rufe ƙofa, yara suna bin ta. Binegar fari ya isa. A jiƙa abin a ciki a bar shi ya kwana, da safe a goge da tsohon buroshin haƙori.

Plombiye_Zariya:
Na goyi bayan Nana. Har ƙwayoyin jabel da ake jefawa cikin tanki don ƙamshi da tsabta, su ma suna gajarta ran roba. A wanke kwano da su, a bar tanki da ruwa zalla.

Moussa_Sabongari:
To na ji. Amma binegar yana da jinkiri.

Elh_Maigidaje:
Ina bin maganar tun ɗazu. Abin da ban ji an taɓo ba: ta ce gidan haya ne. Kafin a kwance komai ya kamata mai gidan ya sani. Mu masu ba da haya abin da ke ƙona mana rai shi ne ka ba da gida da kaya masu kyau, ka karɓe shi an cika tanki da waya da igiyar roba an ɗaure.

Sani_Kabukabu:
Alhaji ai ku ne ya kamata ku gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuna karɓar kuɗi duk wata, in an kira ku kan gyara sai a ji waya a kashe.

Elh_Maigidaje:
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Sani. A nawa ganin, roba da wanke yashi na wanda ke ciki ne, shi ke amfani da abin. Tanki ya tsage don tsufa, ko tiyo ya fashe cikin bango, ko fos ya rufta, wannan nawa ne. Matsalar ita ce yawancin hayarmu da baki ake yin ta, ba takarda, sai abu ya lalace kowa ya tuna yarjejeniyar yadda ta yi masa daɗi.

Malam_Lissafi:
Alhaji tun da ka ambaci fos, kai ma tsiyayar nan ta shafe ka. Ruwan da na lissafa ɗazu ba ɓacewa yake ba, fos yake tafiya, daga nan ya wuce fizar, ramin da ƙasa ke shanye ruwan. Ramin da zai yi shekaru bai cika ba sai ya cika da wuri, a kira motar kwasa, ko ya fara tsatsafowa a titi maƙwabta su shiga uku da wari da sauro. In ni ne mai gida, ni zan sayi robar in kai da kaina.

Rabi_Maradawa:
Mu namu gidan kontar ɗaya ne, ɗaki shida, faktir raba shi ake yi. Wese ɗin mutum ɗaya ya yi ta zuba, kowa ya biya. An kusan ɓata zumunci a kan haka kafin a gano inda ruwan ke tafiya.

Laouali_Apranti:
Ni ina koyon aikin ne, ina so in ce wani abu game da yaron da ya ce a canza duka. Ba lallai cuta ya yi niyya ba. Wasu kayan da ake kawowa robarsu ba a samunta ita kaɗai, ka zagaye kankayari na babbar kasuwa duka ba ka dace ba. Wasu kuma zafin garin nan ya gasa su, kana taɓawa kunnen ya karye a hannunka, mai gida ya ce kai ka ɓata. Shi ya sa wasunmu ke gudun taɓa tsoho. Amma maganar sake tanki kam, in bai tsage ba, ban ga dalili ba.

Plombiye_Zariya:
Ka yi gaskiya ƙanena, kuma akwai lokacin da canza mekanis ɗin duka shi ne daidai: in mazaunin robar ya karce ko ya tsage, ko sandar madannin ta karye. Sai dai wannan aikin ya fi na farko nauyi, shi ne ba zan ce Hajiya ta yi ita kaɗai ba. Sai an kwance fuleksibul, an warware kusoshi biyun da suka haɗa tanki da kwano, an sauke tankin, sannan a kai ga babban noti na ƙasa. Kusoshin nan sau da yawa sun yi tsatsa, sai an yanke. Wajen mayarwa dole a sa sabuwar roba mai kauri tsakanin tanki da kwano, a ɗaure kusoshin bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan. Ka matse ɗaya har ƙarshe, tangaran ya tsage, ka jawo sayen tankin da ake gudu. Notin roba kuma da hannu ake ɗaure shi, kile ɗan ƙari ne kawai.

In za a saya, a sayi mai madanni biyu, lita 3 da lita 6. Tsofaffin tankuna lita 9 suke saki duk dannawa, ko fitsari ne. Wannan ma amsa ce ga damuwar Baba_Mokoyo.

Hadiza_Tibiri:
Malam Plombiye, namu da shato muke, tankin yana daɗewa ƙwarai kafin ya cika. Shi ma roba ce?

Plombiye_Zariya:
A'a. Ko ƴar rariyar da ke bakin fulotar ta toshe da yashi, ko ƙarfin ruwan ne bai kai ba. Shato in bai yi tsawo ba ruwansa ba ya da matsi, kusan mita 10 na tsawo ke ba da bar ɗaya na ma'aunin matsi, namu na gida kuwa ba su kai nan ba. Wasu fulotar na zamani sai da matsi suke aiki sosai. Ki fara da wanke rariyar. In bai canza ba ki nemi irin mai dogon hannu da ƙwallo, ya fi haƙuri da ruwa marar ƙarfi.

Maman_Ramatu:
Ga labari. Na kira mai gidan kamar yadda Alhaji ya ce, ya ce in duba, in da abin saye a cire cikin kuɗin haya. Ni da babban ɗana muka murɗa mekanis ɗin ya fito ba gardama. Robar ta yi ƙuraje a gefe ɗaya, ga yashi maƙale a bakin ramin. Mun wanke, mun juya ta, mun mayar. Sautin ya ɗauke. Amma da na manna busasshiyar takarda a bayan kwanon ta ciki, bayan ɗan lokaci ta ɗan jiƙe, don haka bai rufe sarai ba. Gobe in sha Allahu ɗana zai kai tsohuwar robar kasuwa a gwada. Kafin nan da dare muna rufe robine.

Issoufou_Kankayari:
Ya zo da kan mekanis ɗin ma, ba robar kaɗai ba. Wadda ta tsufa takan buɗe ta fi girmanta na asali, in an auna da ita kawai sai a ba shi wadda ta yi yawa.

Laouali_Apranti:
In an sa sabuwa bai daina ba, a duba sandar madannin. In ta yi tsawo, murfi na zama sai ta danne mekanis ɗin ta ɗaga robar kaɗan. A gwada ba murfi tukuna, in ya rufe lafiya to daga nan ne.

Sani_Kabukabu:
Ni har yanzu ina kan bakata, mai gyara ya fi. Amma zan duba kontar ɗinmu yau da dare.

Rabi_Maradawa:
Malam Plombiye, kafin ka tafi. Na tsakar gidanmu irin na tsuguno ne, tankin yana can sama da sarƙa. In an ja, ruwa yana ɗiga ta inda bututun ya haɗu da gindin tankin, yana sauka a kan mutum. Shi kuma ta ina za a fara?